Yashin Rawayau da Ruwan Kuki

Kwanan baya aka kawo motar haƙa burtsatse bayan unguwarmu. Ta yi ta ruri, kafin mako ya zagayo ruwa ya yi tsiri sama, yara suna ta ihu. Jikokina suka shigo suna dariya, wai ashe aikin da na ƙare ƙuruciyata a kansa bai wuce haka ba. Ban yi musu da su ba, don ban san aikin motar ba, kuma ba na son yin magana a kan abin da ban sani ba. Amma namu na san shi, ko in ce na san wani abu daga cikinsa. Zan faɗi abin da na iya tunawa, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Da farko dai ni ba magini ba ne, kada a ba ni abin da ba nawa ba. Makarantar koyon aikin ruwa na gama, aka ba ni takardar shaida, aka turo ni Dutsin-Ma a matsayin malamin rijiya, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai. Aikina in zaɓi wuri, in auna, in duba kwaɓin siminti, in tsare kaya, in kuma kula da mutanen da ke ƙarƙashina. Awo da kwaɓi an koya mana su sosai. Kula da mutane kuwa, abin da aka ba ni a kansa wani ɗan akwatin katako ne mai aidin da bandeji da ƙwayar zazzaɓi.

Rijiyata ta farko a ƙasar Shema ce. Raƙuma suka kai mana siminti, jakai suka kwaso tsakuwa daga rafi. Muka kafa ƙarfe mai ƙafa uku a kan wurin, muka rataya kura, wato 'yar ƙafar ƙarfen da igiya ke bi ta kanta, muka ɗaura bokiti. Magini yana shiga da diga mai gajeruwar ƙota, da dagi, da shebur da aka rage wa hannu, domin faɗin ramin bai kai mutum ya buɗe hannuwansa duka ba. A haƙa kamar gaba guda, a kafa kwanon zubi a zagaye, a zuba siminti tsakaninsa da ƙasa, a bar shi ya kama, sannan a ci gaba. Ni kuwa ina sama da zare mai dalma a baki, ina duba ko ramin ya karkace. Sai in auna, in koma gindin bishiya, zuciyata ta ƙi kwanciya, in dawo in sake aunawa. Tun ba a gama wannan rijiya ba suka sa mini suna Malam A-sake, kuma ba zan ce sun zalunce ni ba.

Shugaban tawagar shi ne Helma Tanko, dattijo mai ƙarancin magana, shi ke riƙe igiya. Magina uku ne, Audu da Ilu da Nomau, sai leburori masu kwaɓi da kwasar ƙasa. Ilu da Nomau 'yan Kurfi ne, kuma taubasai, uwar Ilu ƙanwar uban Nomau ce, don haka Nomau ba ya kiransa da wani suna sai bawana. Ilu gajere ne mai faɗin ƙirji. In yana ƙasa, leburori sukan yi gunaguni, don bokiti ba ya hutawa.

Abin da ke kashe magini ba ƙasa kaɗai ba ce, har da iskar rami. Kowace safiya sai mu zura fitilar ƙwai a kunne. In ta mutu, sai a ɗaure ganyen darbejiya a igiya a yi ta sa shi ana fiddawa har iska ta canja. Amma fitila labarin safiya kawai take bayarwa, sauran yinin murya ce. Al'adar magina ita ce, muddin akwai mutum a ƙasa, to dole akwai wani a bakin rijiya yana yi masa magana, shi kuma dole ya amsa. Ba ruwan kowa da abin da ake faɗa. Labarin kasuwa, farashin akuya, zagin wasa, duk daidai ne. In amsa ta fara jinkiri, ko harshe ya yi nauyi kamar na mai gyangyaɗi, ba a tambaya, sai ja. Na ga an fito da Audu haka sau ɗaya, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, yana taka ƙasa ya zube.

Ranar da ruwa ya fito a Shema, ina jin ko na manta komai ba zan manta ta ba. Ilu ne a ƙasa. Sai muka ji ya ƙwala, "Baba Helma, ƙafata ta jiƙe!" Bokiti ya hau da laka baƙa tana ɗiga. Kafin in gama duba ta wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sai ga mata daga kowane lungu da tuluna, alhali ko na alwala ba a samu ba tukuna. Mai gari ya zo da rawaninsa a warware. Aka kawo goro da kaji da damman gero, domin a al'ada tukuicin gari na wanda ruwa ya fito a ƙarƙashin ƙafarsa ne. Ni da nake da takarda, na tsinci kaina ina tsalle da zaren awo a hannu.

Ku da kuke buɗe famfo ba ku san kurkunu ba, Allah kada ya sa ku san shi. Don shi ake haƙa rijiyoyin nan, amma mu masu haƙawa ruwan tafki muke sha har mu gama. Na sayi farin ƙyalle na ce kada wanda ya sha ruwa sai an tace. Suka bi ni a gabana, a bayana kuwa ban sani ba. Albashi kuma a Dutsin-Ma ake biya, sai mutum ya bar aiki ya tafi, wani ya dawo rabin ya ƙare a hanya. Na nemi izini na riƙa karɓo musu a kekena. Iyakar abin da na ɗauka ake nufi da kula da mutane ke nan, tace ruwa da shafa aidin da kawo albashi.

Rijiyar Rawayau ita ce ta zo mana a muguwar shekara. Ruwan sama ya yi latti, ya kuma ɗauke gero na cikin bununi. Tun kafin rani ya yi nisa rumbuna suka yi ƙasa, mai garin ma da kyar yake ba mu fura. Mun wuce marmara, mun wuce jar laka, muna murna aiki na sauri. Ilu yana ƙasa, ya haƙa abin da ya kusa gaba guda, ba a kai ga kafa kwano ba. Nomau na bakin rijiya yana tsokanarsa. Sai muka ji wani sauti kamar ana zazzage buhun hatsi, muryar Ilu ta yanke. Ashe akwai shimfiɗar yashi a bayan lakar, ta ɓalle. Nomau bai jira bokiti ba, igiyar ya kama ya sulale har tafinsa ya saluɓe. Ya tarar da shi yashi ya kai masa wuya. Da hannu ya tone shi, yana tonewa yashin na dawowa, mu kuma muna ta jan bokiti. Aka fito da shi da rai. Na kai shi ɗakin magani a Kurfi a kan jaki, aka duba, babu karaya. Ya kwanta 'yan kwanaki ya tashi, ni kuma na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

A Kuki ne na gane ba ta ƙare ba. Can muka koma haƙa ta gaba, kuma a farkon ramin, Ilu ya yi aikinsa kamar da. Da muka yi zurfi sai ya fara cewa iska ba kyau, a ja shi. A ja shi, a zura fitila, ta ci gaba da ci. A sa ganye, ya koma, ba da jimawa ba ya sake kira. Leburori suka fara raɗa cewa mutanen ɓoye ne suka shafe shi a Rawayau. Ni ban san wannan fanni ba, ba zan ce komai a kansa ba. Abin da na yi shi ne, na karɓi maganar bakin rijiya da kaina ranar da yake ƙasa. Na lura muryarsa ba nauyi take yi ba, sauri take yi, yana haki yana amsa abin da ban tambaya ba. Mugunyar iska ba haka take yi wa mutum ba.

Bayan azahar na same shi gindin tsamiya shi kaɗai. Na daɗe ina kewaye-kewaye, ina tambayar gida da yara, don ban san yadda ake buɗe irin wannan magana ba.

Shi ya taimake ni. Ya ce, "Malam, na san abin da ya kawo ka. Iskar lafiya lau take."

Na ce, "To mene ne, Ilu?"

Ya ce, "Da na wuce inda hasken rana ke kaiwa, sai in ji yashin nan a ƙirjina. Na san babu shi, ina ganin siminti da idona, amma ina jin shi. Na sha rubutu, na yi hayaƙi. Hannuna rawa yake har diga na neman suɓucewa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "In faɗa a mayar da ni lebura? Malam, falle na ci har wuri biyu. Albashin lebura ba zai kai gidana kaka ba."

Falle shi ne rancen damin hatsi da ake biya ninki bayan girbi. Dokar aikinmu kuwa a fili take, mai karɓar albashin magini dole ya shiga rami. Wanda ya kasa, ko ya koma leburanci ko ya koma gida. Ga shi in na bar shi yana shiga a haka, wata rana diga za ta sauka a kan ƙafarsa ko ta wanda ke tare da shi.

Babbanmu wani Bature ne da ke zuwa daga Katsina duba aiki. Helma ya ce in ya zo a ce Ilu na zazzaɓi. Na ce ba zan iya ba, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don in na yi ƙarya fuskata ke tona ni. Na yi ta bitar abin da zan faɗa a hanyar rafi, har wani makiyayi ya tsaya yana kallona. Da ya zo na gaya masa komai. Na ce mutumin nan a bakin aikinmu ya sami wannan abu, kuma da ƙafa ce ta karye da mun jira ta ɗore. Ya leƙa ramin. Sannan ya ce shi ma ya taɓa ganin irin haka ga mutanen da suka dawo daga yaƙi, amma dokar ba shi ya yi ta ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen rijiyar Kuki. In har aka gama Ilu bai koma ƙasa ba, to babu yadda zai yi.

Dabarar da na bi ba a littafi na same ta ba, kuma ban tabbata za ta yi wa kowa ba. Na hana shi haƙa gaba ɗaya. Na ce ina bukatar mai duba mini simintin da aka zuba, ko akwai tsaga, kuma kowa ya san halina na sake dubawa, don haka ba wanda ya yi mamaki. Sai a zura shi inda rana ke kaiwa, ya ƙwanƙwasa bango da guduma, a fito da shi. In ya saba da nan, a ɗan ƙara. Sharaɗi ɗaya na kafa a gaban kowa, in ya ce a ja, a ja, kuma kada wanda ya tambaye shi dalili. Wata rana ya yi nisa, wata rana ya koma baya har in fid da rai. Nomau da Audu suka raba haƙar tsakaninsu. Audu ya ɗan yi ƙorafi. Nomau kuwa cewa ya yi, "Ai dama aikin bawa ubangidansa ke ƙarasawa. Kaka ta zo, zan fanshe a tuwon gidansa."

Zurfi ya wuce gaba goma, laka ta fara sanyi, alamar ruwa ya kusa. A wannan gaɓa aiki yakan canja. Ba a zuba siminti a cikin ruwa, sai dai a zura zobban siminti da aka riga aka zuba a sama, a jera su, a riƙa kwashe ƙasa daga ƙarƙashinsu suna nutsewa da nauyinsu. Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya nan ɗaya can, suna kwasa daidai. In gefe guda ya riga, zobe ya karkace, to rijiya ta lalace, ko gyara sai an sha wuya. Ana gobe za mu fara sai ƙafar Audu ta kumbura, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ko tsayuwa ba ya iyawa.

Da safe Nomau ya shiga shi kaɗai don ya share ƙasa. Bokitin farko da ya hau, na sa hannu a ciki. Yashi ne, jiƙaƙƙe, fari, irin na Rawayau sak. Nomau ya ƙwala daga ƙasa cewa zobe ya fara tafiya da kansa ta gefen gabas, a turo masa mutum. Na ce ya fito, zan hau keke in je Dutsin-Ma in nemo magini. Helma ya girgiza kai ya ce, "Malam, kafin ka je ka dawo rijiyar ta kwanta."

Ban dubi Ilu ba, da gangan na ƙi dubansa. Shi ma ya sa hannu cikin bokitin, ya murza yashin, ya daɗe yana murzawa. Sai na ji ya ce, "Baba Helma, kai za ka riƙe ni?"

Helma ya ce, "Wa ya saba riƙe ka?"

Na ce, "Ilu, ba dole. Ban sa ka ba, kowa shaida ne."

Ya ce, "Na ji, Malam. Sharaɗin nan yana nan?"

Na ce yana nan. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya sa ƙafa a bokiti.

Na durƙusa a bakin rijiya don in yi masa magana kamar yadda aka saba, amma wallahi ban sami ko kalma ba. Kura tana ƙara, igiya tana tafiya. Ya wuce inda rana ke kaiwa, ya wuce inda ya taɓa tsayawa. Can ƙasa ana jin yashi yana zuba, sululu. Sai ya ce, "Tsaya!"

Helma ya tsayar. Na kama igiya zan ja, Helma ya dafe hannuna ya ce, "Cewa ya yi a tsaya."

Sai ga muryar Nomau daga can ƙarƙashi, tana amsa-kuwwa. "Kai bawana! Mi kake yi nan a rataye kamar ƙwaryar nono?"

Nomau ya ƙara ɗaga murya.

"Da kai nake! Ƙafafunka nake gani, wallahi kaushinsu ya fi na jakin Baba Helma. Wa ya cinye kan rago ranar sunan ɗana?"

Muka ji wata siririyar murya ta ce, "Kai ka cinye abinka."

"Ƙarya kake! Inna ta gan ka bayan rumbu, har da ƙashin a aljihu!"

"Ragon da bai fi kyanwa ba?"

"To sauko ka maimaita a gabana, in kai namiji ne. Ruwa ya kai mini ƙauri, in ka bari na tare tukuicin nan ni kaɗai, ko zangarniya ba ka gani!"

A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ranar kaɗai na ga na ƙasa yana yi wa na sama magana. Leburori sun kewaye bakin rijiya, ba mai motsi. Muna jin numfashin Ilu. Sannan ya ce, "Baba, saki."

Abin da ya biyo baya aiki ne kawai, amma wane irin aiki! Bokiti na hawa, bokiti na sauka, leburori na gudu da yashi, su biyun suna ƙasa suna kwasa suna zage-zage. Na zura zarena, zobe ya ɗan karkata. Na ce a ƙara ta yamma. Na sake zurawa, ya kusa. Na sake, ya miƙe! Wannan karon ba wanda ya yi mini dariyar sakewa. Muka ɗora wani zoben, ya nutse, muka ɗora wani. Wajen la'asar Ilu ya ƙwala, da tsohuwar muryarsa, "Ku ja mu, ruwa ya kai gindi, wannan ragon bai iya iyo ba!" Matan Kuki suka ɗauki guɗa. Da aka fito da shi jikinsa duk rawa yake, yana dariya, haƙoransa na haɗuwa. Shekarar ba ta da daɗi, tukuicin bai kai na Shema ba, amma abin da aka kawo su biyu suka raba, suka cire wa Audu nasa. Da Bature ya dawo ya ɗanɗani ruwan, ya tambayi wa ya nutsar da zobban, aka gaya masa. Bai sake tayar da maganar ba.

Kada in ce muku Ilu ya warke sarai, don ban san haka ba. Ya ci gaba da aikinsa na magini, gidansa ya kai kaka. Amma akwai safiyar da zai zo bakin rami ya leƙa, ya ce, "Malam, yau ba ni ciki." Sai ya kama igiya tare da Helma, wani ya shiga. Na ga bai kamata a ce shi kaɗai ke da wannan dama ba, kada ta zame masa abin gori, sai na ce ta kowane magini ce. Na yi fargabar za su mayar da ita hanyar hutu. Ban ga haka ba, sai dai ko an yi ban lura ba.

Da rani ya zagayo muka koma ƙasar Shema haƙa wata. Wata safiya layin Nomau ne. Ya tuɓe riga, ya sa ƙafa ɗaya a bokiti, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya fid da ƙafar, bai dubi kowa ba, ya ce, "Malam, yau ba ni ciki."

Kowa ya juya wajen Ilu, ana jiran ya rama abin da aka daɗe ana yi masa. Ilu ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Nomau, ya ɗauki diga, ya shiga bokiti. Sai da kansa ya kusa ɓacewa ya ɗago ya ce, "Zauna nan ka yi mini magana. Kuma kada ka kawo mini zancen ragon nan."